FILIN ƘWALLO BA DANDALIN KAMFE BA NE: Jawabi ga matasan Mashi

'Yan'uwa matasa, maganarmu ta yau a kan filayen ƙwallo ce, waɗanda 'yan siyasa suka mayar allon talla.

Kowa ya san yadda ake yi. Da zaɓe ya ƙarato sai a sa kofi da sunan ɗan takara, a raba riguna masu hotonsa a ƙirji, a manna fastoci har jikin turakun raga. Filin da ɗan wannan jam'iyya da ɗan waccan suke bugawa a kulob ɗaya, sai ga shi an raba shi gida biyu. Ana gama zaɓe, ba kofin, ba mai kofin, sai gabar da aka bar mana.

To 'yan'uwa, su kansu masu ƙwallon ba su yarda da wannan ba. Doka ta 4 cikin dokokin wasa 17 ta hana sa take ko hoton siyasa a kayan ɗan wasa. Kuma mun ga ɓarnar da siyasa kan yi in ta shiga fili. A 1996 Janar Sani Abacha ya hana Super Eagles zuwa Afirka ta Kudu kare kofin da suka ci a 1994, hukumar CAF kuma ta hana su buga na 1998. Wa ya yi asara? 'Yan wasa.

Saboda haka duk mai son taimakon matasa, ya gyara fili, ya kawo ƙwallo da raga, amma ya bar hotonsa a gida. Kada mu sayar da ƙirazanmu a kan riga ɗaya.