Ƙosawa Da Aikin Rubuta Manhajar Kwamfuta: Jawabi Ga Matasan Funtua Da Malumfashi

 

Ya 'yan'uwa, abin da za mu tattauna a kansa yau shi ne wani kuka da muke ji daga samarinmu waɗanda suka koyi rubuta manhajar kwamfuta, watau tsara umarnin da na'ura mai ƙwaƙwalwa take bi. Wasu sun koyo a jami'o'in Zariya da Dutsin-Ma da Katsina, wasu kuwa ta shirin horar da mutum miliyan 3 da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023. Sun sami aikin, amma sai ka ji ɗayansu yana cewa ya ƙosa, aikin ya fita masa a rai. Ba mu ɗauki wannan kuka da wasa ba, domin sau da yawa masara aka sayar, ko ɗan bijimi, kafin a saya wa yaro na'urar.

Lalle ne mu fara faɗin gaskiyar sana'ar. Mai koyo yana zaton kullum sabon abu zai ƙirƙira, alhali kuwa galibin aikin gyara ne: bin umarnin da wani ya rubuta shekarun baya, layi-layi, ana neman kuskure ɗaya. Wanda yake yi wa kamfanin Amurka aiki daga ɗakinsa yana da ƙarin wahala, saboda agogonmu yana gaban na New York da awa 5 ko 6, don haka yakan raba dare yana aiki, ya wuni yana barci, ya yanke daga jama'a. Sa'an nan tun daga 2022 da ChatGPT ya fito, na'ura ta soma rubuta wani sashe na umarnin da kanta, mutum ya koma mai duba mata aiki.

To amma maimaici kaɗai ba ya kawo ƙosawa. Manomin Bakori ko Ƙafur yana yin noman firi, ya koma maimai, ya yi huɗa, kunya bayan kunya, shekara bayan shekara. Yana gajiya ƙwarai, amma idan ya waiwaya yana ganin inda fartanyarsa ta bi, da kaka kuma ya ga buhuna. Mai rubuta manhaja kuwa yakan shekara bai ga fuskar mutum ɗaya da aikinsa ya amfana ba. A ganinmu nan ciwon yake.

Ku dubi Muhammadu ɗan Musa Alkhawarizmi, wanda ya rayu a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun. Daga sunansa Turawa suka samo kalmar da suke kiran jerin matakan warware lissafi da ita, wadda ita ce ginshiƙin sana'arku. Littafinsa na Aljabru wal Muƙabala, na wajen shekara ta 820, babban sashensa a kan wasiyya da rabon gado yake, akwai kuma babin ciniki da na awon ƙasa. Watau ilmin nan tun asalinsa a cikin matsalolin mutane ya tashi.

Su kuwa waɗannan matsaloli suna nan a ƙofar gidajenmu. Gona nawa ce ake shari'a a kanta domin an ƙi raba gado har wasu magada suka rasu, hakkinsu ya koma ga nasu magadan? Malamai suna kiran wannan munasakha, kuma duk wanda ya karanta fara'il ya san yadda lissafinta yake cin takarda. Manhaja da Hausa, wadda malami masani ya duba ƙa'idojinta, za ta sauƙaƙa wa alƙalai da magada. Ba mu ce ta maye gurbin malami ba. Haka nan manomi yakan sayi taki bisa kintace don bai san faɗin gonarsa ba, alhali wayar da take aljihunsa tana iya aunawa. Mai hatsi a Dandume yana buƙatar sanin farashin Dawanau kafin ya sallama, mai tumatir a Danja ma haka. Ƙasar nan da aka san ta da injinan gurzar auduga, wadda aka kafa wa aikin gona na Bankin Duniya a 1975, aka kuma buɗe wa tashar kaya ta tudu a Funtua a 2024, har yanzu yawancin lissafinta a ka yake ko a littafin makaranta.

Kada a fahimce mu da cewa a ajiye aikin da ake ci da iyali. Irin wannan aiki na gida ba zai biya kamar dala ba, musamman a farko. Kada kuma ƙosawa ta kai mutum ga neman kuɗin ɓagas. Mun ga yadda samari suka ɓata watanni suna dannar waya a kan Hamster Kombat a 2024, da abin da akasarinsu suka tashi da shi. Abin da muke ba da shawara shi ne a riƙe aikin, a gyara lokacin barci, a ware yini ɗaya a mako. A wannan yinin mutum biyu ko uku su rufe na'ura, su je kasuwa ranar cinta, su zauna da dillalan hatsi da masu awo, su tambaye su wane lissafi ne ya fi jawo musu rigima.