SUNA LINZAMI: SHIN IYAYE NA DA IKON RAƊA WA ƊA DUK SUNAN DA SUKA GA DAMA?

(Jawabin da aka gabatar a zama na biyu na taron shekara-shekara na Ƙungiya)

 



Lokacin da takardar kwamitin shirya taro ta iske mu, mun san da yawa za su zaci a kan rufin azuzuwa ko ƙarancin malamai za mu yi magana. Waɗannan suna nan, kuma akwai waɗanda suka fi mu sanin kuɗin gyaransu. Mu dai mun zaɓi abin da muka shafe shekara 35 muna kira kowace safiya daga cikin rajista, wato suna. Tambayar da muke so mu duba tare ita ce: shin uba da uwa na da cikakken iko su raɗa wa jariri duk sunan da ya yi musu daɗi, komai baƙuntarsa, ko kuwa ikon nan yana da iyaka? In yana da iyaka, wa zai shata ta?

YADDA MUKA TARAR DA AL'AMARIN

A gidajen da muka tashi, suna ba na mutum biyu ba ne. Idan aka haihu, uba yakan je wurin mahaifinsa ko wansa ya nemi shawara, a yi wa jariri huɗuba, ranar bakwai kuma liman ya yi addu'a, a yanka rago, maroƙi ya shelanta, wanzami ya yi aski, a raba goro. Sunan yanka kusan kullum na annabawa ne da sahabbai da iyalan gidan Annabi, kuma galibi ana mayar da sunan wani babba ne na dangi. Daga nan alkunya ta shigo: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, suruka ba ta kiran sunan surukinta, sai a nemo laƙabi. Abubakar ya zama Garba, Umaru ya zama Sanda, Usman ya zama Shehu, Yusufu ya zama Maitama, Hauwa'u ta zama Kulu, A'ishatu ta zama Indo. Wanda ya dubi cikakken sunan marigayi Shehu Usman Aliyu Shagari ko na marigayi Yusuf Maitama Sule zai ga wannan tsari a fili.

Bayan wannan akwai sunayen da suke ba da labarin haihuwar. Ladi da Ɗanladi na Lahadi ne, Talatu ta Talata, Balarabe na Laraba, Lami ta Alhamis, Jummai da Ɗanjuma na Juma'a, Asabe ta Asabar. Tanko namiji ne da ya biyo bayan mata, Kande mace ce da ta biyo bayan maza, Gambo mabiyin tagwaye, Azumi haihuwar watan Ramadan, Auta kuwa shi ya rufe ƙofa. A zamanin da babu takardar haihuwa, suna shi ne takardar. Mun sha gano ranar haihuwar yaro da matsayinsa a ɗakinsu daga sunansa kawai, tun kafin ubansa ya buɗe baki.

Kada kuma mu yaudari kanmu cewa duk sunayen dā masu daɗin ɗauka ne. A farkon aikinmu, 'yan shekaru bayan shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya cika makarantu da yara, an kawo mana wani yaro da ake kira Ajuji. Ba a yi mako biyu ba yara suka mai da shi abin waƙa, har ya fara laɓewa a bayan aji. Muka aika a kira kakarsa. Tsohuwar nan ta zauna a ƙofar ofis ta lissafa mana 'ya'ya huɗu da uwarsa ta binne kafin shi, ta ce sun sa masa sunan ne don a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta ƙyale shi. Ba mu iya yi mata faɗa ba, domin ƙauna ce ta sa, ba wulaƙanci ba. Amma mun roƙe ta sunan yankansa, muka rubuta shi a rajista, muka hana kiran wancan a makaranta. Tun daga ranar muka gane cewa kyakkyawar niyyar iyaye ba ta rage wa yaro nauyin sunan da aka ɗora masa.

ABIN DA MUKE GANI A YAU

Yanzu al'amari ya juya. Matashi yana birni, matarsa ta haihu, sai ya buɗe waya ya nemi sunan da babu mai irinsa a unguwa, ya turo wa mahaifinsa saƙo bayan an riga an buga shi a jikin kalanda da robobin rabo. Wani daga fim ya ji, wani daga ɗan ƙwallo. Wani kuma yakan tsinko kalma daga Alƙur'ani don daɗin sautinta, ba tare da ya tambayi ko suna ce, ko aikatau, ko ma siffar abin da aka zarga ba. Gab da mu yi ritaya mun tambayi wani uba ma'anar sunan 'yarsa, ya ce uwarta ce ta ji a wani fim na Indiya. Da aka bincika, ashe sunan wata abar bauta ce ta mutanen can. Mutumin nan ba ya rasa jam'in asuba, kuma da ya sani da bai yarda ba. Rashin tambaya ne ya kai shi.

Sai kuma matsalar rubutu. Suna guda, a takardar firamare an rubuta shi iri ɗaya, a ta sakandare wani iri, a banki wani iri dabam. Tun da aka fito da lambar BVN a 2014, aka kuma wajabta lambar NIN ga masu rubuta jarrabawar JAMB daga 2021, harafi ɗaya ya isa ya tsayar da yaro. Mun san ɗalibinmu da ya yi asarar shekara guda yana zirga-zirgar gyaran suna da takardar rantsuwa. In sananne irin Muhammadu yana shan wannan wahala, ina ga sunan da ma'aikaci bai taɓa ji ba, uban yaron ma bai tsaya a kan rubutu ɗaya ba?

HUJJAR MASU CEWA A BAR IYAYE

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren. Suna cewa su suka haifa, su za su ciyar, su tufatar, don haka babu mai shiga tsakaninsu da ɗansu. Suna cewa duk sunan da ya zama gama-gari yau, wata rana baƙo ne. Kakanninmu na can baya ma ba su san Abubakar da Khadija ba sai da Musulunci ya zo. Suna kuma tuna mana cewa a aji ɗaya akan sami Muhammadu bakwai, har sai an haɗa da sunan gari ko unguwa kafin a bambance su, wanda haka ne ya ba mu sunaye irin su Aminu Kano da Sa'adu Zungur. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba ma goyon bayan a ce kowane baƙon suna mugu ne. Inda muka rabu da su wuri ɗaya ne: mai zaɓen suna ba shi ne mai ɗaukarsa ba. Uba zai yi murnar kwana bakwai, ɗa kuwa zai amsa kira shekara saba'in, kuma ba a yi shawara da shi ba.

ABIN DA ADDINI YA KOYAR

Malamanmu suna nan, su gyara mana in mun yi kuskure. Sun karantar da mu cewa kyakkyawan suna haƙƙin ɗa ne a kan ubansa, kuma Abdullahi da Abdurrahman su ne sunayen da Allah ya fi so. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya canza sunayen mutane da dama. Wata 'yar Sayyidina Umar sunanta yana nufin mai saɓo, ya mayar da ita Jamila. Wadda ake kira Barra, saboda sunan yana ɗauke da yabon kai, ya mayar da ita Zainab. Kakan Sa'idu ɗan Musayyib sunansa Haznu, mai nufin tsanani. Aka ba shi Sahlu, mai nufin sauƙi, ya ƙi rabuwa da sunan da ubansa ya sa masa, kuma jikan nasa ya ba da labarin cewa tsananin bai bar gidansu ba. Abin lura ga 'yan boko shi ne, wancan suna mai nufin saɓo da sunan Asiya matar Fir'auna, baiwar Allah ta gari, sun bambanta a rubutun Larabci, amma a boko sai su fito kusan iri ɗaya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa kunne ba ya wadatarwa, sai an tambayi masani.

YADDA WASU ƘASASHE SUKA YI

Ba mu kaɗai wannan tambaya ta dama ba. A Faransa, dokar 1803 ta taƙaita iyaye ga sunayen da ke cikin kalandarsu da na mashahuran mutanen tarihi, sai a 1993 aka sake musu mara, da sharaɗin kotu za ta iya shiga idan sunan zai cutar da yaro. A kan haka ne a 2015 aka ji wata kotu a garin Valenciennes ta hana sa wa jaririya Nutella, sunan wani abin shafa wa burodi, ta mayar da shi Ella. A New Zealand, a 2008, wani alƙali ya sa wata yarinya 'yar shekara 9 ƙarƙashin kulawar kotu don a canza mata suna, domin iyayenta jimla guda ta barkwanci suka raɗa mata, har tana ɓoye wa ƙawayenta.

To amma doka ma tana da nata haɗarin. Ƙasar Iceland ta kafa kwamitin tantance sunaye a 1991, kuma akwai yarinyar da ta kai shekara 15 takardun hukuma suna kiranta "Yarinya" kawai, don an ƙi sunan da uwarta ta sa mata, sai a 2013 kotu ta ba ta gaskiya. Mafi muni shi ne abin da ya faru a Bulgeriya a 1984 zuwa 1985, inda gwamnati ta tilasta wa Musulmi Turkawan ƙasar sauya sunayensu, rikicin da ya kai ga fiye da mutum 300,000 suka fice zuwa Turkiyya a 1989. Duk hukumar da aka ba ikon hana suna don kare yaro, gobe tana iya amfani da shi ta shafe al'umma.

A nan Nijeriya, Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce kowane yaro yana da haƙƙin a sa masa suna a kuma yi rajistar haihuwarsa, kamar yadda yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta tanada, amma ba ta kawo jerin sunayen da aka yarda da su ba. A ganinmu hakan ya yi daidai. Ƙasa mai ɗaruruwan harsuna, wane ma'aikaci ne zai zauna a ofis ya yanke cewa Tanko suna ne, na wata ƙabila kuwa ba suna ba ne?

MATSAYINMU DA SHAWARWARINMU

Matsayinmu shi ne, zaɓen suna haƙƙin iyaye ne, amma amana ce a hannunsu, ba mallaka ba. Iyakarsa ita ce maslahar yaron, kuma masu tsaron iyakar su ne dangi da malamai da mutanen gari, ba ɗan sanda ba. Saboda haka muna ba da shawara kamar haka:

Na farko, kada uba ya raɗa sunan da ba zai iya faɗin ma'anarsa da harshen da ya fito ba. Kwana bakwai sun isa a tambaya.

Na biyu, muna roƙon limamanmu, idan aka raɗa musu sunan da ba su sani ba, su ja uban gefe tun daren suna su tambaye shi cikin sirri da mutunci, ba a gaban taro ba.

Na uku, a gwada sunan a bakin kaka. Idan tsohuwar da za ta goya yaron ba ta iya furta shi, ko kuwa in an furta shi da Hausa yana komawa abin dariya, a sake tunani.

Na huɗu, a tsayar da rubutu ɗaya tun ranar suna, a karɓi takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kuma da ita za a kai yaro makaranta. Muna roƙon ƙungiya ta ɗauki nauyin wayar da kai a kan wannan a kowace unguwa.

Na biyar, mai neman sunan da ba kowa ke da shi ba, ya fara duba taskar gida. Sunayen sahabbai maza da mata suna da yawa waɗanda ba a taɓa sa wa kowa a garin nan ba. 'Yan'uwanmu Hausawa Kirista sun riƙe Godiya da Alheri da Murna, ga daɗi ga ma'ana. Ladi da Jummai da Balarabe kuma ba ƙauyanci ba ne. Zanen aro ai ba ya rufe katara.

Na shida, ku malaman makaranta, yaron da aka riga aka ɗora wa suna mai nauyi ba laifinsa ba ne. Ku kare shi daga tsokana, kuma kada ku zama ku ne masu fara dariyar.

KAMMALAWA

Jama'a, magabata sun ce suna linzami ne. Wanda zai sa wa doki linzami yakan duba bakin dokin, ba kyan ƙarfen kaɗai ba. Ɗan da aka haifa a garin nan bana, wata rana zai tsaya a gaban malami, da gaban surukai, da gaban mai ɗaukar aiki, ya faɗi sunansa. Fatanmu ya faɗe shi da ƙarfi, ya kuma yi wa wanda ya zaɓa masa addu'a.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, muna neman afuwa. Allah ya raya mana zuriya, ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara haɗa kan wannan ƙungiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.