Me ya sa harhaɗa Linux ke cin lokaci, kuma yaya za a rage shi?

Yau hirar tamu ta masu koyon rubuta manhaja ce, amma kai ma mai riƙe da waya kada ka wuce, don kowace wayar Android a kan kanel ɗin Linux take tafiya.

Kanel shi ne zuciyar tsarin kwamfuta, shi ke shiga tsakanin manhajoji da sassan na'ura. Linus Torvalds ne ya fara Linux a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Yau rubutunsa ya haura layi miliyan 30, mafi yawa da yaren C. To, na'ura ba ta jin C, sai an juya mata shi zuwa nata yaren. Wannan juyawar ce muke kira harhaɗawa, kuma a tsohuwar kwamfuta tana iya cin sa'o'i.

Ina lokacin yake tafiya? Wani babban kaso yana tafiya ne a fayilolin da sunansu ke ƙarewa da .h. Kowane fayil na C yana jawo su, su ma su jawo wasu, sai a yi ta karanta abu ɗaya sau dubbai. A watan Janairun 2022 Ingo Molnar, ɗaya daga cikin manyan masu kula da kanel ɗin, ya fitar da gyare-gyare sama da 2,200 don warware wannan sarƙaƙiya. Ya ce saurin harhaɗawa ya ƙaru da kashi 50 zuwa 80 cikin 100, gwargwadon tsarin da aka zaɓa. Kun ga, babu sabuwar na'urar da ya saya, sharar gida kawai ya yi.

To mu fa, da tsofaffin kwamfutocinmu da batirin da ba ya jimawa in an ɗauke wuta? Ga abubuwa huɗu.

Na farko, sa duk ƙwaƙwalen furosesa aiki. In ka rubuta make kawai, fayil ɗaya yake yi a lokaci guda. In kana da ƙwaƙwalwa huɗu, rubuta make -j4. Umarnin nproc zai faɗa maka adadinsu. Amma in RAM ɗinka kaɗan ne, kada ka zarce, don na'urar za ta shaƙe.

Na biyu, kada ka harhaɗa abin da ba ka buƙata. Yawancin rubutun kanel na sarrafa na'urori ne iri-iri da ba ka da su. Umarnin make localmodconfig yana duba abin da kwamfutarka ke amfani da shi a lokacin, ya kashe sauran. Sai dai ka jona filas da duk abin da kake amfani da shi kafin ka buga shi, in ba haka ba za a iya barinsu a waje.

Na uku, ccache, wanda Andrew Tridgell ya rubuta a 2002. Yana ajiye sakamakon harhaɗawa, in ya sake haɗuwa da fayil ɗin da bai canza ba sai ya miƙo ajiyayye. Karon farko ba za ka ga riba ba, sai a na biyu.

Na huɗu, daina buga make clean ba dalili. In wuta ta katse maka aiki, fayilolin da aka gama suna nan, sake buga make zai ɗora daga inda ya tsaya.

Abin da ya sa na damu da wannan, mai koyo yana koyo ne ta gwaji da kuskure. Wanda ke jiran sa'a biyu kan kowane gwaji, sau nawa zai gwada a rana kafin ya karaya? Ba ƙwaƙwalwa matasanmu suka rasa ba, lokaci da wuta ne ke yi mana ƙaranci, don haka mu iya tattalinsu.

Ku gwada, ku auna lokacin da umarnin time kafin gyara da bayansa, ku faɗa mana abin da kuka samu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.