Tsohon Batirin Waya: A Ci Moriyarsa Ba Tare Da Gobara Ba



Duk wanda ya leƙa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya ga tarin batiran da aka cire daga matattun wayoyi. Da yawansu da sauran ƙarfi. Batirin Nokia BL-5C, ko ya tsufa, yana iya kunna 'yar tocila ko ƙaramin rediyo. A ƙasar da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, zubar da irinsa asara ce, kuma ina yaba wa matasan da ke haɗa fitilu da shi.

Sai dai akwai abin da ake mantawa. Muddin batir yana cikin waya, yana da makiyayi, domin wayar ce ke tsayar da caji idan ya cika. Batirin litiyam yana aiki a kan volt 3.7, ya cika a 4.2. Idan aka zarce haka sai ya yi zafi ya kumbura. Idan kuma aka tsotse shi har ƙasa da 2.5, cikinsa ya lalace, sake caja shi ganganci ne. Ranar da ka raba shi da waya, kiwon ya dawo wuyanka.

Cajar USB volt 5 take bayarwa. Yanke bakinta a jona kai tsaye da batir, kamar yadda wasu ke yi, neman gobara ne. Akwai ɗan allon caji mai araha, TP4056, wanda ke tsayawa a 4.2; a nemi mai ɗauke da kariya. Sannan ga ɗan siririn allon nan da ke kan batirin, inda haƙoran tagulla suke. Na sha ganin an ɓare shi wai yana hana caji. To aikinsa ke nan, yanke wuta idan an yi kuskure. Kada a taɓa shi, kuma kada a ɗora ƙarfen dalma mai zafi a jikin batirin.

Batirin da ya kumbura ya gama aiki. Masu huda shi da allura don ya sace, ina roƙonku ku daina, domin abin da ke ciki yana kama wuta. Samsung ma, duk da injiniyoyinsa, sai da ya janye Galaxy Note 7 daga kasuwa a 2016 saboda gobarar batir. Ga zafinmu na Afrilu da ke haura digiri 40, alhali ba a son cajin litiyam a sama da 45. A yi caji a inuwa, a kan siminti, nesa da katifa, kuma idon mutum na kai.

Batirin da ya mutu, a liƙe haƙoransa da salatif, kada a jefa shi bola inda ake cinna wuta. Shugabannin kasuwannin waya, ku ware wuri guda da bokitin yashi inda za a riƙa tara su.