FARASHIN DA AKE YANKA MAKA A BAYAN IDONKA

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Maganarmu ta yau a kan ciniki ce. A kasuwa idan ka taya kaya, mai kaya ya ce albarka, kana ganinsa yana ganinka, kuma kana iya jin nawa aka sayar wa na kusa da kai. To yanzu an zo da wani salo a cinikin intanet. Kamfani zai tattara bayananka, wato unguwar da kake, irin wayarka, da abin da ka saba dubawa, sai na'ura ta auna iyakar abin da za ka iya biya, ta yanka maka farashinka kai kaɗai.

Abin ya daɗe. Tun shekarar 2000 aka gano kamfanin Amazon yana sayar da faifan fim iri ɗaya a farashi daban-daban. Ya ce gwaji ne, amma da mutane suka yi ca, sai ya mayar da rarar kuɗin. A watan Yulin 2024 hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ta umarci kamfanoni 8, ciki har da Mastercard da McKinsey, su yi bayanin wannan sana'a. A Janairun 2025 ta bayyana cewa hatta kayan da ka zaɓa sannan ka fasa saye ana iya lissafawa da su. Tarayyar Turai kuwa tun 2019 ta yi doka cewa a sanar da mai saye idan na'ura ce ta keɓe masa farashi.

To amma 'yan uwa, sanarwa kaɗai ta wadatar? A gaya maka an auna ka, amma a ɓoye maka nawa waninka ya biya?

Manzon Allah (S) ya hana tarar ayari kafin ya iso kasuwa. Me ya sa? Saboda baƙon bai san farashi ba, mai tarar kuwa ya sani. Illar ke nan: cin riba daga rashin sanin ɗan uwanka. Wanda larura ta matsa wa, shi aka fi iya tatsa, domin na'urar ta san ba shi da mafita.

Saboda haka kada ka riƙa miƙa bayananka ga kowace manhaja. Kafin ka biya, ka kwatanta farashi a wayar wani. Kai kuma ɗan kasuwa, kada ka dubi rigar mutum ko gaggawarsa ka tsuga masa kuɗi.

Allah Ya tsarkake mana dukiyoyinmu. Wassalamu alaikum.