Digiri na Biyu a Fannin Lafiyar Al'umma: Ina Yake Kai Mai Shi?



A farkon shekarar 2010 yara suka riƙa mutuwa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Yaro zai kama amai, ya shiga jijjiga, kafin a ankara rai ya yi halinsa. An yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba da magani, ba ta canja zani ba. Da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka ga ƙananan kaburbura sun yi yawa, sai aka aika jini gwaji, aka gano gubar dalma ce. Masu haƙar zinare ne ke kawo duwatsu cikin gida a niƙa, ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara kusan 400 suka rasu.

Abin lura shi ne maganin. Ko an ba yaro ƙwayar da ke fitar da dalma daga jini, in ya koma gidan nan ciwon zai dawo. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Garin Bagega ma bai samu wannan aiki ba sai 2013. Likitan asibiti yana tambayar abin da ke damun wannan yaro. Ma'aikacin lafiyar al'umma kuwa yana tambayar yara nawa, a wace unguwa, tun yaushe, me ya haɗa su. Wannan tambaya ta biyu ita ce digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, wato MPH, yake koyarwa.

Ginshiƙin karatun ilimin annoba ne da ƙididdiga, sai tsaftar muhalli, tsarin gudanarwa da wayar da kai. Mutane da yawa suna shiga da tunanin sun tsere wa lissafi, sai su tarar da shi yana jiran su a bakin ƙofa. Ba likitoci kaɗai ke yin sa ba: akwai ma'aikatan jinya, masu haɗa magani, likitocin dabbobi, masu gwaje-gwaje, har da waɗanda suka karanci zamantakewa. Mu da muka tashi muna ganin tsoron duba-gari da iyayenmu ke yi, mun san aikin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Sunan aikin da kayan aikin ne suka sauya.

Idan aka tambaye ni wane tsari ya fi, zan nuna shirin horar da masu bin diddigin annoba da Najeriya ta fara a 2008 tare da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Ibadan. Ɗalibi yana yin kaɗan daga lokacinsa a aji, mafi yawa a fagen aiki. Da cutar Ebola ta shigo Legas a Yulin 2014, 'yan wannan shiri na cikin masu bi gida-gida suna auna zafin jikin duk wanda ya yi mu'amala da mai cutar. Mutum 20 suka kamu a ƙasar, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ce an gama da ita. Ba a allo ake koyon irin wannan ba.

To, ina aikin yake? Akwai ma'aikatun lafiya na jihohi, akwai jami'in sa ido kan cututtuka a kowace ƙaramar hukuma, akwai hukumar lafiya a matakin farko da aka kafa a 1992, da cibiyar yaƙi da cututtuka ta NCDC wadda dokarta ta samu sa hannu a 2018. Akwai koyarwa da bincike a jami'a ga mai niyyar digiri na uku. Sai kuma wanda kowa ke hange: WHO, UNICEF da ƙungiyoyin agaji, inda albashi ya fi tsoka.

A nan nake jan kunne. Yawancin ayyukan ƙungiyoyi kwantiragi ne da ke rataye a wuyan mai ba da tallafi. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin waje a Janairun 2025, ta kuma rushe hukumarta ta ba da tallafi, USAID, ma'aikata da dama sun wayi gari ba aiki, takardar digirinsu na nan lafiya lau. Waɗanda suka iya sarrafa bayanai a kwamfuta da rubuta rahoto mai ma'ana su suka fi saurin samun madafa.

Akwai kuma abin da jami'a ba ta ba wa maki. A 2003 aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi, cutar ta yaɗu har ƙasashen waje. Ba a kai ga ranar 25 ga Agustan 2020 ba, lokacin da aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali, sai da sarakuna, malamai da masu unguwanni suka shigo ciki. Saboda haka ina roƙon sassan lafiyar al'umma na jami'o'inmu su sa wa kowane ɗalibi sharaɗin zaman wata uku a ƙaramar hukuma, ya gabatar da sakamakon bincikensa a ƙofar fadar hakimi, da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, kafin ya kare shi a gaban malamai.