Abinci da Lafiyar Hankalin Matasa

Jama'a, bisa ga al'ada, idan saurayi ko budurwa suka fara yawan mantuwa da kasala da saurin fushi, abin da akan fara zato shi ne iska ko sammu, ko kuwa a ce lalaci ne kawai. Da wuya a sami mai tambayar abin da yaron ya ci tun wayewar gari, alhali kuwa likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa akwai dangantaka tsakanin abinci da hankali.

Nauyin ƙwaƙwalwa bai wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin ɗari na ƙarfin da jiki ke amfani da shi, kuma ba ta gama ƙosawa sai wajen shekara 25 da haihuwa. A daidai waɗannan shekaru ne matashi yakan bar tukunyar gidansu ya tafi makaranta, ko bautar ƙasa, ko cirani, inda zai koma rayuwa a kan shayi da burodi, da garin kwaki, da lemon kwalba. Cikinsa yakan cika, amma abin da ƙwaƙwalwa ke bukata bai shiga ba.

A shekarar 1914 gwamnatin Amurka ta tura Dakta Joseph Goldberger ya binciki wata cuta mai suna pelagira, wadda ta addabi talakawan jihohin kudancin ƙasar. Fatar mai ita takan yi duhu da kaushi a inda rana ke bugu, ya yi ta zawo, daga bisani hankalinsa ya gushe. Jama'a sun ɗauka annoba ce da ake ɗauka daga wani. Shi kuwa sai ya lura cewa a gidajen marayu da na masu taɓin hankali, mazauna ne ke kamuwa, ma'aikatan da ke cuɗanya da su kullum ba sa kamuwa. Bambancin yana cikin akushi, domin mazaunan kusan masara kaɗai suke ci. Da aka ƙara musu madara da nama, sai cutar ta kau. A 1937 aka gano cewa rashin bitamin B3 ne sanadinta. Wannan abin lura ne ga duk gidan da tuwon masara ne safe da dare. Gyaɗa da ƙuliƙuli da kifi da hanta duk suna ɗauke da wannan bitamin.

Ƙarancin jini ya fi wannan yawa, musamman ga 'yan mata saboda jinin al'ada. Yakan jawo gajiya da jiri da kasa tattara hankali a aji. Wake da zogale da alayyahu da nama suna taimakawa, musamman in an haɗa da lemo ko gwaba. Shayi kuwa yana rage shigar sinadarin ƙarfe cikin jiki, saboda haka a jinkirta shi bayan cin abinci. Haka nan rashin aidin, mai haddasa maƙoƙo, yana dakushe basira. Shi ya sa tun 1993 aka wajabta sa aidin a gishirin da ake sayarwa a Nijeriya. A riƙa ajiye gishiri a rufe, nesa da laima.

A 2017 masu bincike a Ostireliya sun gwada mutum 67 masu fama da ciwon damuwa na tsawon mako 12. Cikin waɗanda aka gyara wa abinci, kusan kashi ɗaya cikin uku sun sami sauƙi sosai, yayin da a ɗaya rukunin ba su kai ɗaya cikin goma ba. Gwajin ƙarami ne, kuma yawancinsu suna kan maganinsu na asibiti ko ganin likita a lokacin, don haka kada a ɗauka miyar zogale za ta maye gurbin magani.

Matashin da ya daina barci, ko yake jin muryoyin da babu mai jinsu, ko ya fara zancen kashe kansa, kada a tsaya gyaran abinci, a gaggauta kai shi asibiti. Gwamnatin Tarayya tana da asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Aro ta Abeokuta, da Yaba ta Ikko, da Inugu, da Kalaba, da Binin.